Ɗakin Karatu a Gidan Tarihin Jiragen Sama

A unguwar Hendon da ke arewacin Landan akwai gidan tarihin rundunar sojin sama ta Birtaniya, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 1972 a tsohon filin jirgi. Galibin baƙi kallon jiragen da aka jera ne ke kawo su. Kaɗan ne ke neman ɗakin karatu, inda sai an ba mutum rana kafin ya shiga, alhali can ne labarin jiragen yake.

Ɗauki kundin matuƙi. Duk tashin da ya yi sai ya rubuta da hannunsa: kwanan wata, samfurin jirgi da lambarsa, inda aka nufa, da tsawon lokacin da aka yi a sama. Wani lokaci a gefen layi za ka ga 'yar magana, cewa inji ya mutu ko abokin tafiya bai dawo ba. Akwai kuma katin da ake buɗe wa jirgi, mai bin sawunsa tun daga karɓo shi daga masana'anta, da rundunonin da ya zaga, har ranar da ya faɗi ko aka farfasa shi. Mai bincike kan haɗa kundin da katin, sai ya gano wanda ya tuƙa wane jirgi a wace rana.

Sababbin littattafai na shigowa ta hanyar saye ko kyautar marubuta, kuma da yawansu daga waɗannan tsofaffin takardu aka haife su. Amma a ganina sabon abu mafi daraja shi ne wanda iyalai ke kawowa: tsoho ya rasu, jikoki su buɗe akwati su tarar da kundinsa da wasiƙu da hotuna. Irin wannan ba shi da kwafi na biyu. Shi ya sa gidan ya fara ɗaukar hoton takardu yana ɗorawa a intanet, ciki har da bayanan hafsoshin da suka jikkata ko suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku samfurin DH.9A suka sauka Kano daga Masar, bisa jagorancin Arthur Coningham, kuma gidan na Hendon yana da jirgi ɗaya irin wannan samfuri. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban jirage da aka harhaɗa a Takoradi sun bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, zuwa Khartum da Alkahira. Turawan da suka tuƙa sun rubuta nasu. Ya kamata ɗalibanmu na tarihi su nemi waɗannan takardu, su haɗa da abin da dattawan Kano da Borno suka ji daga iyayensu, su rubuta mana namu da Hausa.