Daga Randar Tsakar Gida Zuwa Cibiyar Adana Bayanai

Tun da Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024, ake ta cece-kuce cewa ƙirƙirarriyar basira za ta lashe wutar jama'a. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Dubban kwamfutocin da aka jera a zaure ɗaya zafi suke fesowa dare da rana, kuma kaso mai tsoka na wutar wajen sanyaya su yake tafiya.

Manyan kamfanoni sun nemi mafita a yanayin da Allah ya hore wa wasu ƙasashe. Google ya sayi tsohuwar masana'antar takarda a Hamina ta ƙasar Finlan a 2009, yana sanyaya injuna da ruwan teku. Facebook ya buɗe tasa cibiyar a Luleå ta Suwidin a 2013, iskar hunturu na yi masa aikin na'urar sanyaya ɗaki.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da randa. Duk wanda ya taɓa kamfatar ruwa da moɗa a tsakiyar bazara ya san sirrin: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, ya tafi da zafi. Da wannan hikima marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. Kayan miyan da kan lalace cikin kwana uku suka riƙa yin makonni. Ya samu kyautar Rolex a 2000, mu kuwa ko sunansa yaranmu ba su sani ba.

Wannan dabara ce cibiyoyi da dama ke bi yau: a ratsa iska ta cikin jiƙaƙƙen abu kafin ta isa ga kwamfutoci. Ta fi ci a busasshiyar iska irin ta Arewa, amma tana shan ruwa, ga mu kuma da ƙarancinsa. Nan ne aikin bincike yake.

Gwamnonin Arewa da jami'o'inmu, me kuke jira? Ku zuba kuɗi a wannan bincike, ku tambayi duk mai son gina cibiya nawa zai sha na wuta da ruwa, tun kafin a sa hannu.