Digiri 95 a cikin akwati, digiri 40 a tsakar gida

A watan Afrilun bara wani ƙanina mai sana'ar tace bidiyo ya kira ni da tsakar rana, muryarsa kamar ta wanda aka yi wa sata. Wata da watanni ya yi yana tarin kuɗi, ya sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, wasu a Titin Beirut nan Kano, wasu ya sa aka aiko masa daga Legas, ya zauna ya harhaɗa abarsa da hannunsa tun cikin Janairu. Ran nan ya ɗora mata bidiyon biki na awa biyu, sai fankokin suka ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Ya buɗe manhajar HWiNFO, ya ga lambar zafi ta haye 95 ta tsaya cak. "Yaya, ƙonewa za ta yi. In kashe?" Na ce wace furosesa ce a ciki? Ya ce Ryzen 9 7950X. Na ce ƙyale ta ta gama aikinta, ga ni nan tafe bayan la'asar.

Ba ƙarfin hali ne ya sa na faɗi haka ba. Tun da AMD ta fito da jerin Ryzen 7000 a 2022 ta bayyana cewa da gangan aka tsara su su yi ta ƙara gudu har sai sun taɓo digiri 95 a ma'aunin Salshiyas, su zauna nan muddin aikin na da nauyi. Manyan furosesocin Intel irin su Core i9-13900K da 14900K, iyakarsu digiri 100 ce. Idan suka kai iyakar, da kansu suke taka birki, su rage gudu, su rage shan wuta. Idan abin ya faskara, kwamfutar ta kashe kanta kafin wani abu ya lalace.

Tsoron da ƙanin nawa ya ji yana da asali. A 2001 an yi wani gwaji da ya zagaya duniya, aka cire wa furosesoci abin sanyaya su ana tsakiyar wasan kwamfuta. Pentium 4 ta ja da baya ta tsira, Athlon ta AMD kuwa cikin 'yan daƙiƙu hayaƙi ya tashi. Masu gyara da suka koyi aiki a wancan lokaci su ne suka koya wa yaran yau, shi ya sa har gobe za ka ji ana cewa duk abin da ya wuce 70 haɗari ne. Maganar ta tsufa, kayan sun canza.

Duk wutar da furosesa ta sha, zafi take komawa, ba ragin ko ƙwayar zarra. Intel ta rubuta wa 14900K wat 253 idan ta miƙe da gudu, 7950X kuma tana iya jan wat 230. Dutsen guga ya fi haka shan wuta nesa ba kusa ba, amma dubi faɗin gindinsa. Ita kuwa 7950X, ainihin wuraren lissafinta 'yan ɓallaye biyu ne na silikon, kowanne bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Matsalar ke nan: zafi mai yawa ta ƙofa 'yar ƙarama. Kuma wutar ba daidai da gudu take hawa ba. Ƙarin gudu yana neman ƙarin bolteji, shan wuta kuwa yana tafiya ne da boltejin sau kansa. Saboda haka 'yan matakan ƙarshe na gudu su ne mafi tsada, kamar direban da ya matsa wa mota daga 120 zuwa 140, mai na zuba, lokacin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A da ƙanƙanta tiransista, wato 'yan makunnan da ke cikin furosesa, yana rage mata shan wuta daidai gwargwado, ƙa'idar da Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa suka bayyana a 1974. Wajen tsakiyar shekarun 2000 wannan garaɓasa ta ƙare. A 2004 Intel ta fasa fitar da Pentium 4 mai gudun gigahaz 4, kamfanoni suka koma cusa ƙwayoyin lissafi da yawa a furosesa ɗaya. Ta ƙanina guda 16 gare ta, kuma tace bidiyo duka yake tashinsu tsaye.

Kafin zafin nan ya fita sai ya bi hannuwa da dama. Daga silikon ya shiga murfin ƙarfen da ke kan furosesa, daga murfin ya ratsa man nan mai ruwan toka da ake shafawa, ya shiga gindin abin sanyayawa, wanda masu sana'ar ke kira kula, kamar dai ta zuba abinci. Man ba shi ke sanyayawa ba. Fuskar ƙarfe komai santsinta tana da 'yan ramuka da ido ba ya gani, iska kan maƙale a ciki, kuma jan ƙarfe ya fi iska iya wuce da zafi fiye da sau dubu goma. Aikin man shi ne ya kori iskar, shi ke nan. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa yawancin furosesoci, kuma muhawarar da samari ke yi kan wane mai ya fi wane, a kan digiri biyu ko uku ake yin ta. Abin da ya fi wannan ɓarna ƙaramin abu ne: ledar da ke manne a gindin sabuwar kula. Na taɓa kwance wata kwamfuta da ke kashe kanta minti biyu bayan an ɗora mata aiki, na tarar da ledar tana nan daram, rubutun da ke cewa a ɓare ta kafin amfani ya fito raɗau a jikin man, a juye, kamar hatimi.

Bututan jan ƙarfen da ke tashi daga gindin kula su ratsa faranten alminiyam ba ƙarfe ne zalla ba. Kowanne rufaffe ne, an zuƙe iskar cikinsa, an bar ɗan ruwa kaɗan. Da yake babu matsin iska, ruwan kan tafasa tun zafi bai yi nisa ba, tururin ya ruga can sama inda fanka ke busawa, ya koma ruwa, ya tsatso ya dawo ta jikin bangon bututun kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. George Grover ne ya gina irinsa a ɗakin bincike na Los Alamos da ke Amurka a 1963. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san sirrin, wato ruwan da ya zama tururi da zafi yake tafiya. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya a Jigawa, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Sai dai akwai bambanci, kuma a nan maganar take. Randa tana sakin tururinta a iska, don haka ruwanta kan fi ɗaki sanyi. Kula ba ta sakin komai. Ɗauko zafi take daga nan ta miƙa wa iskar ɗaki, ko mai bututu ce ko mai ruwa da lagireto. Ba za ta taɓa sauka ƙasa da zafin iskar da take shaƙa ba.

Masu gwajin kaya a Turai da Amurka a ɗakuna masu sanyi suke yi, digiri ashirin da 'yan kai. A ce ɗakin mai gwaji 22 ne, furosesarsa ta nuna 80. Abin da ya auna a zahiri tazarar 58 ce. Kawo kayan nan ɗakin da ke kan 38, abin da ba baƙo ba ne a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu idan babu esi, ka ɗora 58 ɗin nan, ka ga inda ka tsaya: 96. Babu abin da ya lalace, babu wanda ya cuce ka. Bazara ce.

Da na isa wurin ƙanina, ban tsaya kan lambar zafi ba. Layuka biyu na duba a HWiNFO, na wat da na gudu. Furosesar na kan 95, amma wutar da take ja ba ta kai abin da aka yarje mata ba, gudun ma ya sauka. Ga ciwon nan. A irin wannan furosesa, kula mai kyau ba lallai ta saukar da lambar ba, abin da take yi shi ne ta ba ta damar ƙara gudu a kan 95 ɗin. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ya cusa akwatin cikin wani lungu na katako, bayansa manne da bango, iskar da fankar baya ta fitar ita ce ke zagayowa ta gaba. Na zare ragar tace ƙura, sai ga wani abu kamar bargo, ja-ja-ja, ƙurar hunturu ta wata uku ta yi kirtani a kai. Ya ce ai ko sati biyu ba a yi ba da ya goge gilashin. Gilashin kam yana ƙyalli.

Muka ɗora akwatin kan tebur, muka wanke ragar muka shanya, muka bi faranten kula da bulowa, yatsa na riƙe da fanka don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Sannan muka shiga saitunan BIOS na kwamfutar muka kunna tsarin tsimin wuta da AMD ta tanada, wanda ke mai da furosesar ajin wat 105. Ya ɓata fuska, wai ya sayi doki ana ɗaure masa ƙafa. Muka sake ɗora bidiyon nan dai. Zafi ya zauna tsakanin 80 da 85, kukan fanka ya koma shuuu, aikin ya ƙare da ƙarin 'yan mintuna da ba su isa a sha shayi ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi arha ta sanyaya kwamfuta a ƙasar zafi, kuma ita ce aka fi rainawa, don ba a sayar da ita a kanti.

Masu Intel su ma suna da irin wannan maɓalli, iyakokin wuta biyu da ake kira PL1 da PL2. Shekaru da dama masu ƙera madabod sun riƙa sakin waɗannan iyakoki tun daga masana'anta, wasu har su rubuta wat 4096, wato babu linzami ke nan, don kayansu su yi fice a gwaji. A 2024 rigima ta tashi da manyan furosesocin zubi na 13 da na 14 suka riƙa tsayawa ana tsakiyar aiki. Intel ta amsa cewa bolteji ne ke hawa fiye da ƙima yana cin furosesar a hankali, ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ta ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana ɓarna ta gaba, amma ba ya mai da wadda ta riga ta ci jiki. Mai sayen irin waɗannan na hannu, 'yan kwatano, ya sa wannan a ransa, ya gwada kafin ya biya, domin babu kular da ke warkar da wannan.

Ana yawan tambayata, kula ta iska ko ta ruwa? Ta ruwa mai lagireto na milimita 360 ta fi kwashe zafi idan wat ya haura 200, ban musa ba. Amma tana da famfo, famfo kuwa yana mutuwa, wani lokaci ba sallama, ruwan ma yana raguwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Babbar kula ta iska, irin Noctua NH-D15 ko Peerless Assassin ta Thermalright mai sauƙin kuɗi, abin da zai lalace a jikinta fanka ce kawai, ita kuwa ko'ina ana samu. Wanda ke Gusau ko Damagaram, inda mai da kaya ga mai sayarwa tafiya ce ta kwana da kwanaki, ni dai ta iska zan ce ya saya, ya rage wat. Kuma kada gwajin minti biyu ya ruɗe ka a kan ta ruwa, don ruwa yana jimawa kafin ya ɗumama. Ka bar manhajar gwaji ta Cinebench ta yi ta maimaitawa na rabin awa, da rana tsaka, ba da asuba ba. Manhajar Prime95, wadda asalinta don farautar manyan lambobin Mersenne aka rubuta ta, ta fi kowane aikin yau da kullum gasa furosesa, don haka lambarta ta gwada juriya ce kawai.

Saura abu ɗaya da ba a cika lissafawa ba. Katin hoto irin RTX 4090 shi kaɗai wat 450 ne. Haɗa shi da furosesa mai 250, ka ga hita ta wat 700 kunne a ɗaki rufe, tana ɗumama iskar da ita kanta za ta shaƙa, tana kuma tsotse batirin inbata. Ɗakin ƙanina taga ɗaya gare shi, ya toshe ta da kwali saboda hasken da ke dukan allo. Kafin in tafi muka cire kwalin, muka rataya labule mai duhu, muka juya fankar tsaye tana fitar da iska ta ƙofa. Ragar kuma na ce duk ranar Juma'a ya zare ta ya kaɗe, idan hazo ya sauko ya mai da shi sau biyu a mako.