An Nemi Kimiyyar Kwamfuta, An Samu Fiziks: Me Ake Koyarwa a Wannan Kwas?

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen sabbin ɗalibai, akwai waɗanda suka nemi likitanci ko kimiyyar kwamfuta, sai su tarar an tura su fiziks. Wasu kan ƙi karɓa su sake zana JAMB, shekara guda ta tafi ke nan. Kafin ɗalibi ya yanke wannan shawara, yana da kyau ya san abin da ke cikin kwas ɗin.

A yawancin jami'o'in Najeriya digirin na shekara 4 ne. Shekarar farko ana fara wa da motsi, zafi, lantarki da maganaɗisu, ga lissafi da aikin ɗakin gwaji. Daga nan a shiga haske, ilektironiks, rubuta manhaja da ka'idar kwantam, a kuma fita koyon aiki na SIWES. Kusa da ƙarshe ake nazarin yadda lantarki ke gudana a cikin silikon, wanda da shi ake ƙera ƙwaƙwalwar waya.

Mai sha'awar taurari kuwa, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana da sashen da ya haɗa fiziks da ilimin taurari, kuma a garin ne hukumar NASRDA ke da cibiyar binciken sararin samaniya.

Wannan karatu yana aiki a aljihun kowa. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS yana wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. Ba don ana gyara shi da ka'idar Einstein ba, da kuskuren taswirar waya zai riƙa ƙaruwa da kusan kilomita 10 kowace rana. Shi ma Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro shafukan intanet a 1989, fiziks ya karanta a Oxford.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: lissafin yana da nauyi, kuma takardar kaɗai ba ta kawo aiki. Ɗalibin da ya haɗa da koyon Python zai iya shiga harkar nazarin bayanai, sadarwa ko wutar sola.

Akwai hanyar gwada kai kyauta. Manhajar phyphox tana mayar da waya kayan awo, Stellarium kuma tana nuna sunan tauraron da ake kallo. Wanda ya yi mako guda yana wasa da su bai gaji ba, kada ya yi saurin mayar da gurbin da aka ba shi.