Ƙazuwar Kare: A Daina Shafa Masa Baƙin Mai

'Yan'uwana mata, a gidaje da yawa akwai karen gadi ko na farauta, kuma galibi uwargida da yara ne ke ba shi abinci. Saboda haka mu ne kan fara lura idan ya kama susa ba dare ba rana, gashi na zubewa a gefen kunnuwa da gwiwoyi da ciki, fata ta yi kauri ta yi ɓawo. Sau da yawa wannan ƙazuwa ce.

Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, wanda sai da madubin likita ake ganinsa sosai. Macen takan huda fata ta zuba ƙwai a ciki, kafin mako 3 'ya'yan sun girma sun fara zuba nasu. Yaran da ke wasa da karen sukan sami ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Amma ƙwaron ba ya yaɗo a jikin mutum, ƙurajen kan baje idan karen ya warke. In sun ƙi bajewa, a kai yaro asibiti.

Wasu kan shafa wa kare baƙin man mota, ko kananzir, ko maganin feshin gona. Don Allah a daina. Waɗannan suna ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, kare kuma ya lashe ya haɗiyi guba, a garin neman gira a rasa ido.

Abin yi shi ne ki sa maigida ya kai shi asibitin dabbobi. Likita zai kankari fatar ya duba, domin akwai wani ƙwaron dabam da ke zama a gindin gashi. Wannan ya fi damun 'yan kwikwiyo, kuma ba ya kama mutane.

Cikin magungunan akwai ibamektin, wanda aka fara sayarwa domin dabbobi a 1981, da ruwan wanka na amitraz, da sababbin ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto da NexGard. Likita ne zai auna gwargwadon nauyin karen. Kada a ɗebi na shanu a yi masa allura da ka, domin ibamektin kan kashe wasu irin karnuka.

Kada kuma a tsaya don susa ta ragu. Ƙwai na nan suna ƙyanƙyashewa, sai a koma duk ranar da likita ya sa. In karnukan gidan sun fi ɗaya, a yi wa duka magani. A ƙone tsumman da yake kwana a kai, a share makwancin, a ƙara masa abinci.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku hana ƙannenku rungumarsa har ya warke, ku riƙa wanke hannu da sabulu bayan kun ba shi abinci.