Saiwar Haƙori Iri-Iri Ce: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Abin da ido yake gani na haƙori bai kai rabinsa ba. Sauran yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, shi ake kira saiwa. Baligi yana da haƙora 32. Bisa al'ada haƙoran gaba da fiƙoƙi saiwa ɗai-ɗai gare su, turamen ƙasa biyu-biyu, turamen sama kuwa uku-uku. Amma ba kowane mutum ne haƙoransa suke bin wannan tsari ba, kuma rashin sanin haka yakan jawo wahala ranar da za a cire haƙori ko a yi masa aiki.

Haƙorin Bijimi

Akwai wani irin turmi wanda gangar jikinsa take da tsawo, ramin ɓargon da ke cikinsa yana da faɗi da zurfi, saiwoyinsa kuwa gajeru ne, ba sa rabuwa sai can kusa da ƙarshe. A 1913 wani masani a Ingila, Sir Arthur Keith, ya raɗa wa wannan siffa suna torodontizim daga harshen Girka, watau haƙorin bijimi, domin ta yi kama da turamen dabbobi masu tuƙa. Asalin abin tun haƙori yana cikin dasashi ne: tantanin da ke tsara saiwa yakan makara wajen lanƙwasawa ciki, sai gangar jiki ta yi ta tsawo kafin saiwa ta rabu. Ba ciwo ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma a baki ba a iya bambanta shi da sauran haƙora. Jefi-jefi yakan zo tare da larurorin haihuwa irin su larurar Down da ta Klinefelter.

Mutanen Da Can

Tsakanin 1899 da 1905 an tono ƙasusuwan mutanen Niyandatal a Krapina, cikin ƙasar Kuroshiya, waɗanda suka rayu kimanin shekara 130,000 da suka wuce. Da yawa daga turamensu irin na bijimi ne. Waɗansu masana suna ganin irin wannan haƙori ya fi daɗewa ga mai tauna abinci mai tauri, tun da ko ya side ƙwarai ba a saurin kaiwa mararrabar saiwa.

A ƙasarmu ta kudancin Kaduna, tun 1928 ake samun sassaƙen yumɓu na mutanen Nok. Sai dai ƙasar yankin tana da tsami mai cinye ƙashi, saboda haka masu binciken Jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka soma haƙa a 2005, sun sami tukwane da duwatsun ado a wuraren da ake zaton kaburbura ne, amma ba ƙashi ba haƙori. Ke nan abin da za a sani game da saiwar haƙoran mutanen yankin, daga bakin masu rai za a san shi.

Mutanen Yau

Binciken masana ya nuna cewa a tsakanin mutanen Afirka kudu da Sahara, ƙananan turamen da ke bin fiƙa sukan zo da saiwa biyu, ko saiwa mai tsagi, fiye da yadda ake gani a yawancin sauran al'ummomi. Saboda haka mutumin Kafanchan ko Kagoro ko Kwoi ko Zonkwa yana iya ɗauke da saiwar da ta wuce lissafi bai sani ba.

Ga inda haɗarin yake. Idan aka fizge haƙori mai saiwa biyu da awartaki, ɗaya tana iya karyewa ta saura cikin ƙashi, ta yi ruwa, kunci ya kumbura, dafin kuma ya gangara wuya har ya toshe numfashi. Haƙorin bijimi kuwa, wanke cikinsa da cike shi sai gwani, domin bakin hanyoyin saiwarsa yana can ƙasa ƙwarai. Hoton eksire ne kaɗai ke nuna waɗannan siffofi kafin a taɓa haƙori.

Abin da Ake Bukata ga Jama'a

1. Kada a bai wa mai cire haƙori na kasuwa ko na tasha baki.
2. Mai ciwon haƙori ya nufi sashen haƙori na babban asibitin Kafanchan, ko asibiti mafi kusa, ya nemi a ɗauki hoto kafin a yi aiki.
3. Wanda aka shaida wa yana da haƙorin bijimi kada ya firgita. Ya gaya wa duk likitan da zai duba shi nan gaba.
4. A riƙa goge baki safe da dare da asuwaki ko buroshi da man goge baki, a rage zaƙi, domin haƙorin da bai ruɓe ba ba ruwansa da awartaki.
5. Kumburin kunci tare da zazzaɓi ko wahalar haɗiya, a kai asibiti a ranar, kada a kwana.

Ana roƙon hakimai, dagatai, limamai, fastoci da malaman makaranta su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Rigakafi ya fi magani.