Ɗa Mai Buƙata ta Musamman Amana Ne: Yadda Iyaye Za Su Tsara Karatunsa

Wata rana bayan sallar la'asar, wani bawan Allah da ke salla a masallacinmu na unguwar GRA a Katsina ya jira sai da jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da yaro ɗan shekara bakwai, ba ya ji, ba ya magana. Makarantun kuɗi biyu sun dawo mini da shi, yanzu yana gida." Na tambaye shi ko maƙwabtansa sun san da yaron. Sai ya sunkuyar da kai.

Wannan ita ce cutar da ke damunmu. Talaka yakan tura irin wannan yaro bara, mai hali kuma ya ɓoye shi bayan doguwar katanga don gudun maganar mutane. Dukkansu sun tauye masa haƙƙin ilimi, kuma za a tambaye su gobe Ƙiyama.

Farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da Abdullahi bin Ummi Maktum, makahon da ya zo wurin Manzon Allah (SAW) neman ilimi. Daga baya ya zama ladani, Annabi kuma yakan wakilta shi a Madina idan zai fita. Aɗa'u bin Abi Rabah, mai fatawar Makka a zamanin tabi'ai, gurgu ne, daga baya ya makance, amma manyan malamai suka durƙusa a gabansa. Saboda haka lalura ba ta sauke wa uba nauyin ilmantar da ɗansa.

Dokar ƙasa ma tana tare da ku. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare. Wanda ya je nema wa ɗansa gurbi, haƙƙinsa yake nema.

Mataki na farko shi ne a san ainihin lalurar. A kai yaro asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a auna jinsa da ganinsa da fahimtarsa, a karɓi rahoton likita a rubuce. A yi ruƙya da addu'a, amma kada a jingina komai ga aljanu a zauna. Shekarun farko su ne lokacin da yaro ke kama harshe, jinkiri a cikinsu asara ce mai wuyar ramawa.

Na biyu, a zaɓi makaranta gwargwadon buƙatar yaron, ba don sunanta ba. Gwamnatin jiha tana da makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi, Kano kuma tana da ta Tudun Maliki. Mai lalurar ƙafa sau da yawa makarantar unguwa ta ishe shi, muddin kekensa zai shiga aji da makewayi. Uba ya je da kansa ya gani, ya tambayi ko akwai malamin da ya ƙware a maganar hannu ko rubutun makafi.

Na uku, a zauna da malamin aji da shugaban makaranta a rubuta tsari: me yaron ya iya yau, me ake so ya iya a ƙarshen zango, wa zai yi me. A ajiye takardar, a sake duba ta kowane zango. Alƙawarin baki yakan bi iska idan aka sauya malami.

Na huɗu, gida ma makaranta ce. Uwa da uba da 'yan'uwa su koyi maganar hannu, domin kurman da ba mai fahimtarsa a gidansu yana rayuwa ne cikin kaɗaici. A koya masa alwala da salla a aikace, a nema wa makaho Alƙur'ani na rubutun makafi, a kuma ware kuɗin karatunsa tun ana da rai.

Bawan Allahn nan ya kai ɗansa asibiti, yanzu kuma yakan riƙo hannunsa su zo masallaci, yaron ya tsaya a sahu yana kallon mahaifinsa yana kwaikwayo. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, amin.