Gusar da Siffa a Gidan Dara: Darasi Daga Gonakin Jazira

 A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Sudan, wajen danginmu Hausawa mazauna Jazira da bakin Shuɗin Nilu, domin mu ɗauko wani darasi na lissafi wanda ke ba yaran firamare wuya a cikin kaye, alhali kuwa a fili yake cikin gona.

Darasin shi ne gusar da siffa mai kusurwoyi, kamar mai kusurwa uku ko huɗu ko biyar, a bisa takarda mai gidan dara. Da Larabci, harshen da ake karantarwa da shi a Sudan, ana ce masa insihab. Ƙa'idarsa guda ce: kowace kusurwa ta yi tafiya iri ɗaya, adadin taku ɗaya, zuwa fuska ɗaya. Siffar ba ta juyawa, ba ta kifewa, girmanta kuma ba ya sakewa. Wurin zamanta kaɗai ke sakewa.

Mutanenmu sun daɗe a wannan yanki. Wasu hanyar hajji ta kai su, wasu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe noman auduga na Jazira, Hausawa da yawa suka shiga aikin gona a ciki.

Ita kuwa Jazira, da ma'auni aka yanka ta. A tsarinta na farko, babban fili da ake kira nimra yana da faddan 90, tsawonsa mita 1,350, faɗinsa mita 280, magudanar da ake kira Abu Ishirin ke shayar da shi. An raba shi gida tara, kowane gida faddan 10, wato mita 150 a kan mita 280, shi ne hawasha. To, in ka ɗauki hawasha ta farko a zuci, ka gusa da ita mita 150 a bin magudanar, za ta zauna daidai a kan ta biyu. In ka gusa da ita mita 1,200, ta faɗa kan ta tara. Yaron da ya saba kai wa babansa abinci gona ya riga ya taka wannan darasi da ƙafarsa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023. A watan Oktoba na wannan shekara UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba su zuwa makaranta. Birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sai a Janairu 2025 sojoji suka karɓe shi. Yaron da ya yi shekara ɗaya ko biyu ba ya aji, ƙirga da awo ne ke fara kuɓuce masa, kuma in ya koma zai tarar da darasi ya wuce shi. Sai dai wannan darasi ba ya bukatar benci ko littafi. Tsakar gida da kara da tsakuwa sun isa, a Jazira ne ko a Maraɗi.

Ga yadda uwa ko uba ko yaya zai yi. A zana layuka goma sha ɗaya a tsaye, goma sha ɗaya a kwance, tazararsu daidai. A ɗauki mahaɗar da ke kudu maso yamma ta zama mafari. A aza tsakuwa ta farko a taku 1 gabas da 1 arewa, ta biyu a 4 gabas da 1 arewa, ta uku a 1 gabas da 3 arewa, a haɗa su da zare. Sa'an nan a ce wa yaro: “Kai kowace tsakuwa taku 5 gabas, taku 2 arewa.” In ya yi daidai, za su sauka a 6 da 3, da 9 da 3, da 6 da 5. Gara a yi amfani da gabas da arewa maimakon dama da hagu, domin yaran da suka kewaye zane, damar wani hagun wani ce.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko, yaro ya ƙirga wurin da tsakuwa take a matsayin taku na ɗaya, sai tafiyar ta gaza da ɗaya. Na biyu, ya ƙirga daga gefen siffa ya bar fili biyar a tsakani. A misalinmu hakan ya zama taku 8 ke nan. Na uku, ya gusa da kusurwa ɗaya, sauran ya zana su da ido. Akwai kuma abin lura ga wanda ya iya wasan dara: a dara cikin rami ake aza ɗa, a nan kuwa bisa mahaɗar layuka ake aza tsakuwa.

Kada a yi saurin gyara wa yaro. A ba shi kara ya auna gefen tsohuwar siffa da na sabuwa, ya ga ko sun zo ɗaya. A sa shi ya mai da tsakuwoyin taku 5 yamma da 2 kudu, ya ga ko sun koma gidajensu. In ya rikita gusarwa da kifewa, a ja takalmin ƙafar hagu a ƙasa, a tambaye shi ko akwai inda za a ja shi ya koma na dama. Bayan kwana biyu ko uku a koma cikin kaye, a gwada da siffa mai kusurwa biyar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rabin sa'a bayan la'asar ta isa wannan aiki. Allah ya kawo wa ƴan'uwanmu na Sudan zaman lafiya, ya sa albarka a karatun ƴaƴanmu baki ɗaya. Wassalam.